In Ci Bashi In Sayi Gidan Haya?

Tambaya: Malam, an yi min tayin gidan haya a Kano kan naira miliyan 30, hayarsa miliyan 2 a shekara. Rabin kuɗin ne a hannuna. In ciko da bashin banki?

Amsa: Ɗan'uwa, bi a hankali. Ko ba ka taɓa kuɗin hayar ba, sai bayan shekara 15 uwar kuɗinka za ta dawo. To, cire yasar masai, facin kwano kafin damina, la'adar dillali, da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa. Abin da ya rage ba zai biya ruwan banki ba, wallahi. Gara ka nemi abokin haɗin gwiwa, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Kai magini ya duba rufi da tushen bango, lauya kuma ya tantance takardu. In mai gida bai rage farashi ba, haƙura da shi.