In Zuciyar Yaro Ta Sassauta

Ɗiyata, matso kusa. Haka Allah Ya yi zuciyar yaro, mai sauri ce: ta jariri tana bugawa sau 100 zuwa 160 a minti ɗaya, ta babba kuwa 60 zuwa 100. Bugun da yake lafiya a ƙirjin kakarki, a ƙirjin jinjirinki haɗari ne.

Galibi ba zuciyar ce ta lalace ba, iska ce ta yi mata ƙaranci. Yaron da ciwon haƙarƙari ya kama yakan kwana yana haki, ƙirji na lotsawa. Can sai ya yi lamo, kuka ya tsaya, mutanen gida su ce sauƙi ya samu. Ba sauƙi ba ne, gajiya ce. Duba leɓensa ko ya yi duhu, taɓa hannuwansa ko sun yi sanyi. In kin ga haka, kada ki ɗura masa ruwa ko jiƙo, zai shaƙe. Kada kuma ki jira mai gida ya dawo daga gona ko kasuwa. Na san ana nauyin fita ba izini, amma babu uban da zai yi fushi don an ceci ɗansa. Ɗauke shi sai likita mafi kusa, su kuma su miƙa ku babban asibitin Tasawa ko na Mayahi. Tun 2006 doka ta ɗauke kuɗin maganin yaran da ba su kai shekara 5 ba.

A can, numfashi za su fara gyarawa, su sa oksijin, su hura masa iska da jakar roba. Sau da yawa wannan kaɗai ke tada bugun. In ya tsaya ƙasa da 60 yaro kuma ya galabaita, sai su danna ƙirji su yi allurar adirenalin. Kada ki riƙe musu hannu don tausayi.

Mai tamowa kuwa sanyin hunturu ke rage masa bugu, sai ki manna shi a ƙirjinki, fata da fata, ki rufe kansa har ku isa. Mashaƙo ma yana taɓa zuciya, shi ya sa nake damunki da katin rigakafi.

Sai maganin ƙwarin da ake fesa wa wake. Yaron da ya sha shi yakan yi ta dalalar da miyau da gumi, bugu ya ragu. Tuɓe masa riga, wanke jikinsa da sabulu, kada ki sa shi amai, ki tafi da kwalbar a hannu don likita ya ga ko allurar atirofin ce ta dace.