Yadda Ake Shirya Kayan Robar Mota Kafin A Yi Musu Fenti

Duk ɗan kasuwar da ya zagaya kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas, ko ta Nkwo a Nnewi, ko unguwar kanikawa ta Apo a Abuja, zai lura cewa yawancin bamba da murfin madubi da ragar gaban mota da ake sayarwa a yau na roba ne. A zamanin Fijo 504, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, bamba ƙarfe ce mai ƙyalli wadda ba ta bukatar fenti. Yanzu kuwa roba ce, kuma mai mota yana son launinta ya dace da na jikin motar.

A nan ne masu garejin fenti da dillalan motoci da yawa ke tafka hasara. Za a fesa bamba ta fito sumul, amma kafin wata biyu fentin ya soma ɓarewa kamar ɓawon albasa, mai mota ya dawo da ƙorafi. Sai a sake aikin kyauta: fenti ya tafi, tina ta tafi, ranar aiki ta tafi, ga kuma zubewar mutunci. Galibi laifin yana ga shirin da aka yi wa robar kafin a ɗauki bindigar feshi, shi ne kuma abin da wannan darasi zai yi bayani a kai.

Dalilin da ya sa roba ke ƙin fenti

Mafi yawan bamba ana yin su ne da wata roba mai suna polifirofilin, wadda masanin Italiya Giulio Natta ya samar a 1954, aka kuma fara sarrafa ta don kasuwa a 1957. Ana yin irinta a masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal, kuma da ita ake yin kujeru da bokitai da yawa. Jikinta kamar an shafa masa kakin zuma yake, ruwa ba ya kama shi, haka ma fenti. Bugu da ƙari, a masana'anta akan shafa wani maiƙo a cikin mazubin da ake zuba robar don ta fita ba tare da ta manne ba, kuma wannan maiƙo yakan saura a jikinta, wani ma ya shige ciki. Har ila yau, roba tana lanƙwasa, tana kuma buɗewa da zafin rana fiye da ƙarfe, saboda haka fentin da ya bushe ya sandare yakan tsattsage a kanta.

Mataki na farko: gano irin robar

A juya bayan kayan a duba. Masu ƙera su kan buga tambarin irin robar da manyan haruffa. Idan aka ga PP, ko PP+EPDM, ko TPO, to dangin polifirofilin ne, su ne kuma masu wuyar sha'ani. Idan aka ga ABS, wadda aka fi yin murfin madubi da ragar gaba da ita, tana karɓar fenti da sauƙi, sai dai tina mai ƙarfi tana narkar da ita. In babu tambari, a yanki ɗan ɓarɓashi daga wurin da ba a gani a jefa a kofin ruwa: polifirofilin zalla takan taso sama, ABS kuwa ta nutse.

Idan sabuwar bamba ta zo da faraima daga masana'anta, a jiƙa ƙyalle da ruwan goge roba a murza wani lungu. In faraimar ta biyo ƙyallen, sai a wanke ta duka a fara daga tushe. In ta tsaya daram, a goge ta sama-sama a ci gaba.

Mataki na biyu: wanki

Wanki shi ke gaba da samfefa, domin wanda ya fara da gogewa yana tura maiƙon ne cikin robar. A wanke ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye sosai. Sabuwar bamba wadda ba a taɓa yi mata fenti ba, kamfanonin fenti da dama suna ba da shawarar a ɗumama ta a zafin digiri 60 na kimanin minti 30 zuwa awa ɗaya, don maiƙon da ke ciki ya fito, sannan a sake wankewa. A ɗora ta kan abin da zai tallafe ta, kada zafi ya karkatar da ita. Tsohuwar bamba ta tokumbo kuwa, babbar matsalarta ita ce man ƙyalli mai silikon da masu wankin mota ke shafawa, wanda ke sa fenti ya yi ƙananan ramuka.

Bayan sabulu sai a goge da ruwan da aka yi musamman don roba. Kada a yi amfani da fetur, domin yana barin maiƙo, kada kuma a yi amfani da tina. Ga gwaji mai sauƙi: a watsa ruwa mai tsabta. In ya shimfiɗu bai ɗaya, robar ta wanku. In ya taru ɗigo-ɗigo, da sauran aiki.

Mataki na uku: gogewa

Manufar gogewa ita ce a kashe ƙyallin robar don fenti ya sami wurin kamawa. A yi amfani da soson goge fenti mai launin toka, ko samfefa mai laushi lamba 600 zuwa 800, da hannu. Samfefa mai kaushi tana tayar da gashi a jikin polifirofilin wanda fenti ba ya ɓoyewa, injin gogewa kuma yana iya narkar da ita. A kula da lunguna da bakin fitila da gefuna, gama daga nan ɓarewa ke farawa. Inda aka sami tsaga, a yi mata walda da sandar roba irin ta bambar. Inda aka sami rami, a cike da fila mai lanƙwasa ta roba, domin filar ƙarfe takan fashe da zarar bamba ta motsa.

Bayan gogewa a sake wankewa, a bar kayan su bushe ƙarau. Murza roba yana sa ta riƙa jawo ƙura, musamman a lokacin hunturu, don haka shafa ta ƙarshe a yi ta da ruwan da ke hana wannan jawowa.

Mataki na huɗu: sinadarin kama fenti

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa don tsimi. Ruwa ne marar kauri da ake fesawa a kan robar tsirara, ya kama ta daga ƙasa, fenti kuma ya kama shi daga sama. Ga dangin polifirofilin wajibi ne. A fesa shi siriri, sau ɗaya ko biyu, domin yawansa ma yana jawo ɓarewa. A jira mintunan da aka rubuta a jikin gwangwani, a kuma ɗora faraima cikin wa'adin da aka ƙayyade, ba washegari ba. A cikin faraima da fentin ƙyalli na sama a zuba sinadarin sassauci gwargwadon ma'aunin da kamfanin ya bayar. Ya fi kyau a ɗauki dukkan waɗannan daga kamfani ɗaya, tunda an gwada su tare.

Mai feshi ya sa takunkumin fuska na ainihi, a wuri mai iska, domin fentin da ake haɗawa da sinadarin busarwa yana ɗauke da gubar da ke jawo ciwon asma.

Gwaji kafin miƙa aiki

Bayan fenti ya bushe sarai, a sami wani ɓoyayyen wuri a tsattsaga shi da reza a tsaye da kwance, a manna salatif mai ƙarfi, a fizge. In fentin ya biyo shi, gara a gane a gareji da a gane a hannun mai mota.

Shawara ga mai gareji ita ce ya sa kuɗin wannan shiri da lokacinsa a cikin farashi tun farko, ya kuma bayyana wa abokin ciniki dalili. Dillalin kayan mota shi ma zai ƙaru idan ya ware hajarsa bisa tambarin da ke bayanta, ya gaya wa mai saye ko bambar tana da faraima ko tsirara ce, ya kuma ajiye ruwan goge roba da sinadarin kama fenti a shagonsa, domin duk wanda ya sayi sabuwar bamba zai bukace su.