Yadda Ake Ceto Tsofaffin Wasannin Kwamfuta Kafin Su Salwanta

Duk wanda ya taso a Maiduguri a shekarun 1990 ya san ƙaramar na'urar nan da ake jonawa da talabijin, mai katirij rawaya da aka rubuta wai wasanni 999 ne a ciki, alhali in ka bi su ɗaya bayan ɗaya 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa: Contra, Super Mario, wasan tankoki da harbin agwagwa. Kwaikwayo ne na Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Kafin ita akwai kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Commodore 64, duka na 1982, waɗanda wasanninsu a kaset na rediyo suke zuwa, mai zare, irin wanda ake sauraron wa'azi da shi. Daga baya faifan fulofi ya karɓe fagen.

Waɗannan kaya duk suna mutuwa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa a lokacin. To, waɗancan ma suna da gata, don an buga su da yawa. Marasa gata su ne waɗanda ba su taɓa fita ba: wasan da ɗalibi ya rubuta da QBasic ko Pascal don aikin kammala karatu, ko wanda wani malami ya haɗa wa 'ya'yansa, ko faifan ƙwallo da aka gyara aka cusa masa sababbin 'yan wasa. Irin waɗannan sau da yawa kwafi ɗaya ne tak a duniya. Mutanen Maiduguri kuwa ba sa bukatar a yi musu bayanin yadda kaya ke salwanta. Gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairu 2023 da ambaliyar dam ɗin Alau ta 10 ga Satumba 2024 sun ishe mu darasi. Ga yadda ake aikin ceton, daki-daki.

Mataki na farko: nema

A gida ake farawa, cikin tsofaffin akwatuna da kwalayen da aka jibge a sito. Daga nan sai wajen mutane: masu gyaran talabijin da rediyo, waɗanda suka taɓa riƙe gidan gem ko shagon buga takardu, tsofaffin malaman kwamfuta, da masu gyara a Kasuwar Jagwal. Kar a raina 'yan jari-bola, domin a hannunsu yawancin kayan ke yin zangon ƙarshe kafin a farfasa.

Tambaya ma akwai dabara. In ka ce wa dattijo, “Baba, kuna da tsohon gem?” zai ce babu. Amma in ka ce, “Baba, faya-fayan da kuke aiki da su a da, ko akwai saura a wani kwali?” sai ka ga ya yi shiru yana tunani. Haka asalin rubutun manhajar Prince of Persia na 1989 ya dawo: mahaifin Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan, shi ya tsinci kwalin fulofi yana gyara ɗaki a 2012.

In an samu, a kwashe duka, har takardu da littattafan rubutu. Kar a zaɓi faifan da ke da suna mai daɗi a bar sauran. Wasan Days of Thunder da Chris Oberth ya rubuta wa na'urar NES ta Nintendo bai taɓa fita ba. Bayan rasuwarsa a 2012 iyalinsa suka adana kayansa, kuma a 2020 aka sake haɗa wasan daga ajiyar da ke warwatse a kan fulofi 21. Da an tsinci biyu an watsar da saura, da shi ke nan.

Mataki na biyu: a riƙe hannu, kar a kunna

Nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗoki kan sa mutum ya zura faifan a na'ura don ya gani, kuma faifan da ya shekara 30 wani lokaci karatu ɗaya ya rage masa. Gaggawa aikin shaiɗan ce. A fara ba kowane abu lamba, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta a littafi daga wa aka samo shi, a ina, yaushe, da duk abin da aka rubuta a jikinsa, ko da da biro ne.

Sai a kulle shi kada wani abu ya rubutu a kai. Fulofi ƙarami mai inci 3.5 yana da ɗan maɓalli a kusurwa: a tura shi har ramin ya buɗe, in kana hango haske ta ciki ya kullu. Babba mai inci 5.25 kuwa akasin haka ne, rufe ɗan yankan da ke gefensa ake yi da salatif mai duhu. Kaset kuma a ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke bayansa.

Mataki na uku: tsaftacewa

Katirij ya fi kowa juriya. Yawancin matsalarsa datti ne da tsatsa a kan haƙoran ƙarfen da ke shiga na'ura. Hura masa iska da baki da muka saba yi muna yara danshi kawai yake ƙara masa. A samu sifirit ɗin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a jiƙa tsinken auduga, a goga haƙoran a hankali har audugar ta daina fitowa baƙa. Ban da fetur, ban da tina, don suna cin roba. In a ciki akwai ɗan batir mai kama da kwabo, a duba ko ya fara zuba, amma kar a cire shi sai an kwashe abin da ke ciki, domin shi ke riƙe da ajiyar mai wasan.

Fulofi kuwa a ja murfin ƙarfen gefe, a juya faifan da yatsa ta cibiyarsa a ƙarƙashin fitila. In ka ga fari-farin ɗigo, fumfuna ce, kuma in ta shiga na'ura za ta kankare faifan ta ɓata kan da ke karatu. A goge ta da lallausan ƙyalle mai ɗan sifirit, kaɗan-kaɗan, ana juyawa.

Kayan da ruwa ya ci ba lalle ne sun mutu ba. Laka ce abokiyar gaba, ba ruwan kansa ba. A ɗauraye su da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Fulofin da laka ta shiga sai an yanka gidansa a zaro faifan, a wanke, ya bushe, a mayar da shi cikin gidan wani mai tsafta. Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa. Ranar Maiduguri ta watan Afrilu, da ke haura digiri 40, tana iya lanƙwasa faifai kafin azahar.

Mataki na huɗu: kwashewa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma kowane kaya da hanyarsa.

Kaset ya fi sauƙi, don abin da ke cikinsa sauti ne, wani irin ƙara mai tsinin kunne da kwamfuta ke fassarawa. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, yakan faɗo, in babu shi sai a manna wani. A zura biro a juya a ji ko zaren na tafiya ba sarƙewa, sannan a kai shi ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don ya saki. A goge kan rakoda da tayar robar da ke jan zare, a jona ta da kwamfuta, a buɗe manhajar Audacity wadda kyauta ce. A ɗauka a tsarin WAV, 44,100 Hz, bit 16. Kar a kuskura a ajiye a MP3, domin yana zubar da wani sashe na sautin, kuma abin da kunnen mutum bai damu da shi ba shi ne bayanan wasan. A kashe duk wani abin gyaran sauti. A sa ido kan zanen da ke gudana a allo: in kansa na bugun sama yana yankewa, ƙarar ta yi yawa, a rage. In sautin ya fito a dishe, akwai ɗan sukuru kusa da kan rakoda, a juya shi kaɗan-kaɗan da ƙaramin sukundireba har ƙarar ta yi kaifi. A ɗauki gefe biyun duka har ƙarshe, ko da an ji shiru, don masu rubuta wasa kan ajiye wani gwajin can gaba. Daga WAV ɗin ake fitar da fayil na TZX ko TAP, amma WAV na asali ba a goge shi.

Fulofi ƙarami na kwamfutar ofis, mai cin 1.44 MB, na'urar karatu ta USB ta isa. Sai dai kar a tsaya kan kwafar fayilolin da ido ke gani. A ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, sashe bayan sashe, saboda fayilolin da aka goge sau da yawa suna nan kwance. Faya-fayan kwamfutocin Amiga da Commodore da waɗanda suka fara lalacewa kuwa sai an haɗa da ɗan allo irin Greaseweazle ko KryoFlux, wanda ke kwaso zanen maganaɗisun kansa, ko da kwamfutar ba ta gane tsarin ba. Bayan kowane tsohon faifai a goge kan na'urar kafin a sa na gaba.

Katirij akwai na'urorin karanta shi, irin su Retrode da Open Source Cartridge Reader. Wannan ta biyun an saki zanenta kyauta a intanet, don haka mai gyaran waya da ya iya walda zai iya harhaɗa ta. Na jabu masu wasanni da yawa sukan ba da wahala, don wayoyinsu ba su bin tsarin Nintendo, sai a ɗauki hoton allon cikin da kyau a nemi taimakon masana. Faifan CD na PlayStation kuma manhajar ɗaukar hoton faifai ta wadatar.

Mataki na biyar: tantancewa

Kwafin da ba a gwada ba, ba kwafi ba ne tukuna. In kayan na da ƙarfi, a karanta sau biyu, a fitar da lambar tantancewa ta SHA-1 ta kowane fayil. In lambobin biyu sun zo ɗaya, karatun ya yi. Sai a kwatanta da rumbunan No-Intro na katirij da Redump na CD. In lambarka na can, wani ya riga ka, ba komai. In babu ita, ko dai karatun bai yi kyau ba, ko kuma ka riƙe abin da ba wanda ke da shi.

Daga nan a buɗe kwafin a manhajar kwaikwayo: VICE don Commodore 64, Fuse don Spectrum, Mesen don Famicom, DOSBox don wasannin QBasic da Pascal. A buga wasan sosai, ba allon farko kaɗai ba. Duk wani gyara a kan kwafi na biyu ake yin sa.

Mataki na shida: labari da izini

Fayil mara labari rabin ceto ne. In wanda ya rubuta wasan na raye, a zauna da shi a naɗi muryarsa: a wace kwamfuta ya yi, da wace manhaja, su wa suka taya shi, me ya hana wasan fita. Da irin wannan tambaye-tambaye ne shafin Games That Weren't na Frank Gasking a Birtaniya ya gano wasannin Commodore 64 masu yawa da aka ɗauka sun ɓace.

Sannan a nemi izini. Wasa hakkin mai shi ne ko magadansa, kuma Nijeriya na da sabuwar dokar hakkin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023. A rubuta yardarsu a takarda. A kuma tuna cewa tsohon fulofi kan haɗa wasa da wasiƙu, hotuna da sakamakon jarrabawa. Waɗannan amana ce, a ware su a mayar wa masu su.

Mataki na bakwai: ajiya

Ƙa'idar masu adana bayanai ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a nesa. Nesa a nan ba gidan maƙwabci ba ne, don ruwan Alau unguwa-unguwa ya ci, daga Gwange har Fori. A tura ɗaya Kano ko Abuja, a ɗora wanda aka samu izininsa a Internet Archive, wadda ke karɓa kyauta. Filasha da memori ba wurin doguwar ajiya ba ne. Duk shekara a buɗe ajiyar a sake duba lambobin SHA-1, bayan 'yan shekaru a sauya had-disk. Yana da kyau kuma a miƙa kwafi da bayaninsa ga wani ɗakin karatu, irin Laburaren Ramat na Jami'ar Maiduguri, in za su karɓa.

Kayan asali ma ba a yar da su, don gobe wata na'ura na iya karanta abin da ta yau ta kasa. A jera su a tsaye cikin mazubin roba mai murfi saboda ƙurar hunturu, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a ɗora can sama a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Mario da Contra suna da masu kula da su a Japan da Amurka. Wasan da ɗan Borno ya rubuta a fulofi a 1998 ba shi da kowa sai mu. In kana da irin wannan kwali a gida, kar ka ba 'yan jari-bola, kar kuma ka kunna. Ɗauki hotonsa, ka rubuta abin da ka sani a kansa tun masu labarin na raye, sannan ka nemi wanda zai taya ka kwashewa.