Me Ya Sa Gem Ɗin Da Mutum 100 Ke Bugawa A Intanet Ba Ya Karɓar Mutum 4 A Ɗaki Ɗaya?

Duk wanda ya saba buga Free Fire ko PUBG a waya ya san mutum 50 ko 100 ne ke dira a tsibiri ɗaya. Shi ya sa da yawa ke ɗauka cewa PS4 ko PS5, da suka fi waya ƙarfi nesa ba kusa ba, za su bar abokai huɗu su zauna a gaban talabijin ɗaya su yi ta harbin juna. Sai mutum ya sayi hannun gem guda huɗu, ya sauke Call of Duty: Warzone, sannan ya tarar mutum ɗaya tak gem ɗin ya yarda ya buga a kan na'urar. Kuɗin hannu uku sun tafi a banza.

Abin da ke rikita mutane shi ne iyaka iri biyu ce, kuma kowacce da dalilinta. PS5 tana karɓar hannu huɗu a lokaci guda, Xbox tana karɓar takwas, amma ba na'urar ke yanke hukunci ba, gem ɗin ne.

Wasan ɗaki ɗaya

A wasan ƙwallo irin FIFA kowa filin nan guda yake kallo, saboda haka ƙara hannu ba ya ƙara wa na'ura wani aiki mai yawa. A wasan harbi kuwa kowane ɗan wasa da idonsa, wani yana kan bene wani yana cikin rami. Dole a raba allon gida biyu ko huɗu, kuma na'urar ta zana duniyar wasan daban ga kowane gida. Gem ɗin da ke nuna hoto 60 a sakan ɗaya yana da ƙasa da milisakan 17 ya gama kowane hoto. Idan 'yan wasa huɗu ne, a cikin wannan ɗan lokacin zai lissafa kallo huɗu, ya kuma riƙe a ƙwaƙwalwarsa sassan taswirar da kowannensu yake ciki.

Tsofaffin gem-gem sun iya wannan saboda hotonsu ba shi da nauyi. GoldenEye 007 na Nintendo 64 ya raba allo gida huɗu tun 1997. Halo na farko, a 2001, ya yi haka a Xbox, har ma ya ba da damar a haɗa na'ura huɗu da waya, mutum 16 su gwabza a gida ɗaya ba tare da intanet ba. Da hoto ya ƙara kyau sai abin ya fara ja da baya. Halo 5 ya fito a 2015 babu raba allo ko kaɗan, masu shi suka ce suna so ne su tsare hoto 60 a sakan, magoya baya kuma suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi a Halo Infinite. Akwai kuma maganar da kamfanoni ba sa faɗa da bakinsu: mutum huɗu a ɗaki ɗaya faifai ɗaya suka saya, a intanet kuwa kowa sai ya sayi nasa.

Wasan intanet

A nan na'urar kallon mai ita kaɗai take zanawa. Sauran aikin, wato sanin inda kowa yake da wanda harsashi ya samu, yana wuyan babbar kwamfutar kamfani da ake kira uwar garke. Matsalarta ita ce yawan saƙo. Idan za ta sanar da kowane ɗan wasa motsin duk sauran, mutum 12 na nufin bayani 132 a kowane zagaye. Mutum 64 ya zama 4,032, mutum 128 ya zama 16,256, kuma ana maimaita zagayen sau da yawa a cikin sakan ɗaya. Masu rubuta manhaja suna rage nauyin da dabara, misali a riƙa jinkirta labarin wanda yake can nesa a ƙarshen taswira, amma lissafin na nan.

Na'urar ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin ita za ta nuna sojojin da tankokin da ke gabanta. Battlefield 3 na 2011 yana ɗaukar mutum 64 a kwamfuta, amma 24 kacal a PS3 da Xbox 360. Battlefield 2042 ya kai 128 a PS5, a PS4 kuwa ya tsaya a 64. Sai dai yawa ba shi ne daɗi ba. A 2022 kamfanin ya mayar da salon Breakthrough na wannan gem ɗin zuwa mutum 64 saboda cunkoson ya ɓata wasan. Shida da shida da Call of Duty ya daɗe a kai ba gazawa ba ce, an zaɓe shi ne don ya dace da ƙananan taswirori.

Labarin MAG ya isa jan kunne. Ya fito a PS3 a 2010 da mutum 256 a fage ɗaya, kuma ba a buga shi sai da intanet. Da aka rufe uwar garkensa a 2014, faifan da mutane suka saya da kuɗinsu ya zama abin ado a kan kanta.

Ga mai bugawa daga Kano ko Maraɗi akwai ƙarin ciwon kai, wato nisa. Yawancin lokaci uwar garken Turai ake tura shi. Igiyar intanet ta MainOne daga Legas zuwa Fotugal ta kai kusan kilomita 7,000, haske kuma yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan a cikin irin wannan igiya. Zuwa da dawowa kaɗai milisakan 70 ke nan, tun kafin a ƙara tafiyar Legas zuwa Arewa da rawar sabis. Wannan ita ce lambar ping da ke fitowa a gefen allo, kuma ita ce ke sa mutum ya ga ya riga abokin gaba harbi amma shi ya faɗi. A wasan ɗaki ɗaya wannan jinkirin babu shi, data ma ba a taɓa ta.

Kafin a biya kuɗi

A bayan kwalin faifan PlayStation ana rubuta adadi biyu: na masu bugawa a na'ura ɗaya, da na masu bugawa a intanet. Na farkon ne ya shafi mai ƙanne a gida ko mai shirin buɗe gidan gem. Fortnite yana raba allo ga mutum biyu a PlayStation da Xbox, amma sai da intanet, kuma kowa da asusunsa. Black Ops 6 na 2024 yana neman intanet ko da labarin mutum ɗaya za a buga. Gem ɗin da aka saya da kuɗi yana buƙatar rajistar PlayStation Plus kafin a shiga intanet da shi, na kyauta irin Fortnite da Warzone ba sa buƙata. Wanda ke son mutum huɗu a talabijin ɗaya ba tare da data ba, Black Ops III na 2015 a PS4 yana yin hakan, sai dai ya nemi allo babba, don kowa rubu'insa zai samu.