Lamei, Mai Furen Hunturu

A ƙasar Sin akwai wani ɗan itace da ake dasawa a lambu, sunansa lamei. Ba shi da girma kamar kuka ko tsamiya. Tsawonsa bai cika wuce ƙafa 12 ba, rassansa kuwa da yawa suke fitowa daga gindi, kamar na lalle. Da lokacin zafi ba mai kula da shi, don ba abin da ke gare shi sai ganye mai kaushi.

Hunturun ƙasashen can ya fi na ƙasar Hausa tsanani nesa. Ruwa daskarewa yake yi, ƙanƙara ta rufe ƙasa, yawancin itatuwa su kakkaɓe ganyensu su tsaya kamar busassu. To, a wannan lokaci ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, lamei ke fid da fure a jikin rassan da ba ganye ko ɗaya. Halinsa ya ɗauko na gawo, wanda ke zubad da ganye da damina, sa'ad da 'yan'uwansa ke tohowa.

Furen ƙarami ne, faɗinsa kamar inci guda. Rawaya ne, cikinsa da ɗan ja-ja, yana sheƙi sai ka ce da kakin zuma aka yi shi. Amma abin da ya sa ake sonsa shi ne ƙanshi, wanda akan jiwo tun kafin a hango itacen. Ƙanshin nan ba na banza ba ne. Ƙudan zuma da sauran ƙwari su ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, sa'an nan itace ya yi 'ya'ya. Da hunturu ƙwari kaɗan ne ke fita, saboda haka sai da ƙanshi mai ƙarfi za a jawo su.

A shekarar 1766 aka kai lamei Ingila daga Sin. Rana ba ta da zafi sosai a Ingila, ta wajen kudu kuma take bi. Don haka masu lambu sukan dasa shi a gindin bangon da ya fuskanci kudu, inda bango zai sha rana ya riƙa ɗumama shi, ya kuma tare masa iska. Yana son ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. In ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe.

Mai gaggawa ba ya jin daɗin lamei. In daga iri aka shuka shi, yakan yi shekara 5 ko 7, wani lokaci ma fiye, bai yi fure ba. Shi ya sa waɗansu kan tanƙwaro reshe na ƙasa-ƙasa, su ɗan tsaga bayansa da wuƙa, su binne wurin tsagar, su danne da dutse. Reshen na nan manne da uwarsa har ya yi saiwa tasa, ko da za a shekara biyu. Daga nan a yanke shi a dasa. 'Ya'yan kuwa suna da dafi, ba a ci, ba a kuma barin tumaki su ci.

Babban abin lura shi ne lokacin sassabe rassa. Furen da za a gani da hunturu, tun da lokacin zafi itacen ke shirya shi a jikin sababbin rassa. Wanda ya ga rassa sun yi yawa da kaka ya sa wuƙa ya datse su, ya zubad da furen shekara guda ke nan, ba kuwa yadda zai mai da shi sai baɗi. Mai lambun da ya san aikinsa yakan dakata har fure ya gama zuba, wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Sa'an nan ya rage tsofaffin rassa da waɗanda suka harɗe, ya zuba taki a gindi, ya bar sababbi su sha rana.

Amma yankan ɗan reshe ɗaya ko biyu mai fure ba ya ɓata kome. Akan tsoma shi cikin kwalba da ruwa a ajiye a ɗaki. Da ya ji ɗumi sai sauran furen su buɗe, ɗakin ya yi kwanaki yana ƙanshi.