Yadda Ake Shirya Tsohuwar Kwamfuta Don Haɗa Faifan DVD

Tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ko Windows 7 tana iya haɗa faifan DVD mai shafin zaɓi, wanda zai yi aiki a na'urar kallo ta gida, muddin an kimtsa ta kafin a saka mata manhaja. Nawarta ba ta hana aiki. Abubuwan da ke ɓata faifai su ne zafi, ƙarancin wurin ajiya da ɗaukewar wuta.

Da farko a buɗe ta a kakkaɓe ƙurar da ta taru a fanka, musamman bayan hunturu. Mayar da bidiyo zuwa tsarin MPEG-2, wanda shi DVD ke karantawa, yakan ɗauki awanni, kuma kwamfutar da ta yi zafi takan mutu ana tsakar aiki.

Sai wurin ajiya. Faifai na gama-gari yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5, amma aikin yana cin fiye da haka nesa ba kusa ba: ga ɗanyen bidiyo, ga wanda aka sarrafa, ga kwafin da za a buga. Kaset ɗin DV na awa ɗaya kaɗai yakan kai gigabait 13. A ware gigabait 30 aƙalla. A kuma tabbatar ma'ajiyar tana kan tsarin NTFS, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4.

Akwai wani saiti da ake yawan mantawa da shi. A Windows XP, idan na'urar buga faifai ta yi ta cin karo da kurakurai wajen karatu, tsarin yakan sauke ta daga DMA zuwa PIO, sai aiki ya koma tafiyar hawainiya. A shiga Device Manager a duba layin IDE. In an tarar da PIO, a cire layin a sake kunna kwamfutar, za ta mayar da shi da kanta.

Daga nan sai manhaja. DVDStyler da DVD Flick kyauta ne, haka ma ImgBurn da ake buga faifai da shi. DVD Flick ya fi sauƙin koyo, DVDStyler ya fi ba da damar ƙawata shafin zaɓi. Ga XP a nemi tsohuwar fitowar DVDStyler. A sauko da su a wata kwamfutar a kawo a filashi. Microsoft ya daina tallafa wa XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020, don haka gara a raba wannan kwamfuta da intanet.

A cikin manhajar a zaɓi PAL, wato 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, shi ne ya dace da talabijin ɗin Nijeriya da Nijar. Kada a cusa fiye da awa biyu a faifai ɗaya, hoton zai dushe.

Kada a buga kai tsaye. A fara fitar da fayil ɗin ISO ko jakar VIDEO_TS, a kalla da VLC, a gwada kowane maɓalli. Sannan a rufe sauran manhajoji, a jona kwamfutar da UPS, a buga a kan DVD-R da gudun 4x, domin tsofaffin na'urori sun fi karɓarsa. Mai haɗa bidiyon biki ya gwada faifan farko a na'urar gida tun daga farko har ƙarshe kafin ya buga sauran.