Kafin Ku Tafi Hutu Kan Tsauni: Shawara Ga 'Yan Uwana Na Daura

Sana'ata shirya wa jama'a tafiye-tafiye, kuma a 'yan shekarun nan wata sabuwar buƙata tana yawan shigo mana ofis. Matashi zai miƙo waya ya nuna bidiyon wani ƙauye a tsaunukan Alps na Turai, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidaje, mutane suna wasan zamiya, ya ce: "Oga, nan nake so, nawa ne?" Ba laifi ba ne mutum ya so hutu a wuri mai sanyi da shiru. Abin da nake so a gane shi ne, hutun tsauni ba a shirya shi da hoto. Ana duba lokaci, da hanya, da lafiyar jiki.

Mai niyyar Turai ya sani cewa wasan zamiya a ƙauyuka irin Zermatt na ƙasar Suwizalan ya fi armashi daga Disamba zuwa Afrilu. Bizar Schengen, wadda ake shiga ƙasar da ita, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya nemanta tun wata 6 kafin tafiya. A tabbatar inshorar ta haɗa da raunin wasan ƙanƙara, domin da yawa ba sa haɗawa. Wanda bai taɓa ɗaura takalmin zamiya ba kuwa, sai ya biya mai koyarwa.

Amma yawancin masu zuwa wurina, idan muka zauna muka yi lissafi, sai ka ga abin da suke nema shi ne iska mai sanyi, da kore, da kwanciyar hankali. Wannan kuwa muna da shi a gida, ba biza, ba canjin kuɗi: tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a Jihar Taraba. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, kusan daidai da na Zermatt, alhali Daura ba ta kai mita 500 ba. Dusar ƙanƙara ba ta zuba a can. Akwai dai tuddai masu ciyawa iya ganinka, da garken shanu, da gonakin shayi na Kakara, da kogin Donga a gindin garin Gembu. A yankin ne kuma gandun dajin Gashaka-Gumti yake, inda Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, ya kai mita 2,419.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a Mambila doguwa ce, ruwa kuma yana da yawa, hanyoyin ƙauyuka kan zama laka mai santsi da ko babur sai da dabara.

Hanya ita ce babban abin lura. Daga Daura za a bi Kano, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, sannan Bali da Serti kafin a fara hawa. Ba tafiyar yini ɗaya ba ce, a ware kwana biyu, a kwana a hanya. Hawan kansa lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami, wani lokaci gajimare ya sauko har kan titi ka kasa ganin motar gabanka. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Daura zuwa Kazaure yakan ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama idan zai sauko. Can sai ka ji ƙaurin birki, feda ta yi laushi, mota ta ƙi tsayawa. Ana saukowa ne da ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe mota. A duba birki da taya tun a gida, kada a hau ko a sauko da dare, kuma idan da hali a ɗauki direba ɗan yankin daga Serti.

Sai sanyi. Mun san hunturu, amma namu busasshe ne, yana fasa leɓe da diddige. Na tsauni yana da danshi, yana ratsa tufafi. Shadda ɗaya da hula ba za su wadatar ba. A sa kaya hawa-hawa: singileti, rigar sanyi, sannan jaket mai hana ruwa shiga, da safa mai kauri da rufaffen takalmi. Yara da tsofaffi a rufe musu kai da kunne. Mai asma, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko sikila, ya ga likitansa kafin ya biya kuɗin mota, domin sanyi na tayar da ciwon sikila. Kowa ya tafi da isasshen maganinsa, kada a ce sai an je a saya. A tafi da gidan sauro, tun da za a kwana a garuruwan ƙasa masu zafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gawayi. Idan dare ya yi, sanyi ya tsananta, baƙo yakan roƙi kasko da garwashi, ya shigar ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, daga nan barci mai nauyi, wasu kuma ba sa farkawa. Don Allah kada a kwana da wuta a rufaffen ɗaki, kada kuma a kunna janareta kusa da taga. A nemi ƙarin bargo. Idan wani ya fara jiri, a fitar da kowa waje nan take, a nufi asibiti.

Game da masauki, a kira kafin a tashi, a tambayi ruwan zafi, da wuta, da wurin ajiye mota. A tambayi mutanen gari halin da tsaro yake ciki a makon tafiyar. A riƙe kuɗi a hannu domin sabis kan ɗauke a ƙauyuka, a kuma sanar da na gida inda za a kwana kowane dare.

Mu mutanen Daura mun saba karɓar baƙi masu zuwa Sallar Gani da ziyarar rijiyar Kusugu, mun san daɗin baƙo mai ladabi. To mu ma mu zama haka. A yi sallama, a gaida mai unguwa, kada a ratsa gona ko makiyaya ba izini, kada a ɗauki hoton matan mutane, kada a zubar da leda a kan ciyawa.

Wanda ke da niyyar tafiya bana, ya fara shiri tun yanzu, kuma ya isar da maganar gawayin nan ga duk abokan tafiyarsa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.